Dabbobi Ɗari Uku na Injiniya Teodosio

A duk faɗin kwarin Mantaro ba za ka sami wanda zai ɗaga hannu ya ce ya taɓa kama Teodosio Canchanya da ƙarya ba. Gaskiya yake faɗa, sai dai yakan taka birki kafin ta gama fitowa.

'Yan ajinsu na kwalejin kiwon dabbobi ta Huancayo suna da wata al'ada. Duk ƙarshen shekara kowa zai aika wa sakataren aji labarinsa, a buga a wata 'yar takarda mai shafi huɗu, a rarraba. A nan ake jin wane ya zama shugaban sashe, wance ta aurar da 'yarta a Lima, wane kuma ya tafi Amurka kiwon tumaki ya dawo da haƙorin zinare da ciwon baya. Shekara ashirin da biyar ana haka. Shi kuwa Teodosio, tun da shagon maganin dabbobin da yake tsarewa ya rufe shekara shida da suka wuce, ba shi da aiki sai na gida. Aikin gidan kuma kui ne, wato ɓeran Masar, guda ɗari uku cif a ɗakin da ke jikin madafa. Shi ke yanko musu ciyawa, shi ke zaɓen namijin da za a haɗa da kowace mace, har suka yi wani irin girma da ba a samun kamarsa ko a kasuwar Lahadi. Matarsa Maximina ce ke kai su kasuwar. Shi ba ya zuwa, domin a ganinsa mutumin da ake kira Injiniya, laƙabin masu digirin kiwo a can, bai dace a gan shi riƙe da ɓera a bainar jama'a ba.

A takardar bana ya rubuta: "Garkena ya kai dabbobi ɗari uku, duka zaɓaɓɓen iri. Iyali lafiya."

Maximina ta karanta tana tsaye a bakin murhu.

"Dabbobin me?"

"Dabbobi dai."

"Ka bar kalma ɗaya a waje, Teyo."

"Shafi huɗu ne kacal, Maxi. Dole a taƙaita."

A wannan takardar dai akwai labari biyu da suka hana shi zama. Na farko, Zoila Orihuela, wadda take zama a bencin gaba tana ba shi satar amsa, yanzu ita ke shugabantar wani babban shirin kiwo na yankin, kuma tana neman wanda zai riƙe mata reshen kwarin Mantaro. Na biyu, ana neman gidan da za a yi bikin cikar ajin shekara ashirin da biyar. Kafin rana ta faɗi Teodosio ya riga ya aika wa sakatare cewa a zo gonarsa, shi zai ciyar da kowa da pachamanka, naman da ake binnewa a rami da duwatsu masu zafi.

Abin dariya ne, amma akwai abin tausayi a ciki. Shekara shida mutumin nan yana goge takalminsa kowace safiya ba shi da inda za shi. Aikin Zoila yake so, so na tsakani da Allah, ko don ya riƙa fita da jaka ƙarfe bakwai maƙwabta su ce masa a dawo lafiya.

Sai ya zauna ya tsara abin da ya kira dabarun yaƙi.

Maƙwabcinsa Don Melitón yana da shanu bakwai. Tsakanin ƙarshen katangar gidan da gonar masara akwai wata tazara da duk wanda ke zaune a tsakar gida yake hangen abin da ya gifta. Idan shanun suka wuce ta nan, suka zaga bayan masara, suka sake giftawa, mai kallo zai ɗauka garke ne ke ta kwarara.

Don Melitón ya cire hula ya sosa kai.

"Zagaye nawa ke nan, Injiniya?"

"Arba'in da uku. Zai ba da ɗari uku da ɗaya."

"Ɗayar fa?"

"Sai mu ce wata ta haihu."

"Shanun nan tsofaffi ne. Ni ma haka."

"Akwai cinyar rago da sunanka a kanta."

Don Melitón ya mayar da hularsa ya ce zai gwada.

Daga nan sai batun duwatsu. Maximina tana da nata, guda arba'in da ta gada a wurin mahaifiyarta, baƙi ƙirin, masu kaushi, kowanne ya ga wuta fiye da sau ɗari. Teodosio ya kalle su ya taɓe baki.

"Waɗannan za a nuna wa masu digiri? Kamar an haƙo su daga gidan da ya ƙone."

"Ba nunawa ake da su ba, girki ake."

"Na ga wasu a bakin kogi, farare, sumul, kai ɗaya kamar ƙwai."

"Dutsen kogi ruwa ne a cikinsa. Ya ji wuta fashewa yake."

"Maxi, wa ya yi darasin kimiyyar ƙasa tsakanina da ke?"

"Zoila," in ji Maximina.

Teodosio ya juya ya fita. Ya tura baro zuwa kogi sau biyar. Ya kuma manne tagar ɗakin kui da buhuna, ya tokare ƙofarsa ta kwano da itace, ya gargaɗi matarsa kada ta kuskura ta ambaci abin da ke ciki. Da sassafen ranar bikin dai an ga Maximina tana jidar baƙaƙen duwatsunta zuwa bayan gida, shi kuwa ya ɗauka ɓoye su take don kada su ba shi kunya, har ya yaba mata.

Ƙarfe goma sha ɗaya na ranar Asabar, rana ta take, sama fes, motar haya ta sauke mutum goma sha takwas. Aka shiga rungume-rungume da ihu. A nan 'yan aji ɗaya ba sa kiran juna da suna, "promo" suke cewa, sai tsakar gidan ta cika da promo ka yi tumbi, promo ina gashinka ya tafi. Wata ta zaro hoton tagwayen jikokinta tana bi da shi kujera kujera. Wani yana ba da labarin yadda aka ƙara masa girma, matarsa tana gefe tana gyara masa shekarar. Daga ƙarshe Zoila ta sauko, ta yi furfura, tabarau rataye a wuya, bayanta kuma Rufino, likitan dabbobi, gajere, wanda tun suna aji ɗaya ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

Teodosio ya tarye su da kwat da hular malafa sabuwa. A tsakiyar fili ya jera fararen duwatsunsa sun yi ƙubba a kan rami, wuta na ci a ƙarƙashi. Ya ɗaga kofi, ya gyara murya.

"'Yan uwana, abokan gwagwarmaya..."

Daga ɗakin da ke jikin madafa sai wani fito ya tashi, kui-kui-kui, baki ɗari uku a lokaci guda.

Abin da bai sa a lissafi ba ke nan. Shekara shida duk safiya muryarsa ce ke zuwa musu da ciyawa. Su a wurinsu muryar Injiniya da abinci duk abu ɗaya ne.

Ya yi shiru. Su ma suka yi shiru.

"Mene ne wannan, promo?" in ji Rufino.

"Tsuntsaye."

"A cikin ɗaki?"

"Sun yi sheƙa. Ba na son takura wa halitta." Ya sake ɗaga kofin. "Kamar yadda nake cewa..."

Kui-kui-kui-kui.

"Tsuntsayen nan suna ƙaunarka," Rufino ya ce, fuskarsa babu alamar dariya.

Sauran jawabin da raɗa ya ƙarasa shi, har na baya suna cewa a ɗaga murya. Ya ɗaga wa Don Melitón hannu ta kan katanga, alamar a fara.

Shanu bakwai suka gifta a tazarar, a natse, Don Melitón na bayansu da sanda. Teodosio ya nuna su da haɓa kamar abin bai dame shi ba. Aka ce madalla. Bayan ɗan lokaci bakwai suka sake giftawa. Aka sake cewa madalla. A zagaye na huɗu Rufino ya ajiye kofinsa.

"Promo, waccan mai karyayyen ƙahon, ba ita ta wuce ɗazu ba?"

"Ƙanwarta ce."

"Ta kafin nan fa?"

"Yayarta."

"Duk ƙahon hagu?"

"Iri ne. Zaɓaɓɓe. Haka ake haihuwarsu."

"Ikon Allah. Ka san ta yi mini kama da Paloma ta Don Melitón, wadda na ɗinke wa nono bara. Har ɗinkin."

"Duniya da faɗi, Rufino."

"Makiyayin ma ya yi kama da Don Melitón."

Mutum goma sha takwas ne a wurin, yawancinsu sun shekara ashirin da biyar suna duba bakin saniya da ƙasanta. Ba wanda bai gane ba tun zagaye na biyu. Amma an zo gidan mutum, ga giya a hannu, ga nama na jiran wuta, sai kowa ya maida hankali kan tazarar cikin ladabi. Mai hoton tagwaye ce ta fara tafawa duk lokacin da mai karyayyen ƙaho ta bayyana, saura suka ɗauka. Teodosio ya ɗauka garken ake yabawa, ya riƙa sunkuyar da kai yana godiya.

Shanun suka fara rage sauri. Can sai muryar Don Melitón ta taso daga bayan masara, tana haki.

"Injiniya! Sha ɗaya ke nan! A ci gaba?"

"Rukuni yake ƙirgawa," Teodosio ya raɗa wa Zoila. "Muna da tsari."

Zoila ta sa tabaranta ta dube shi. Tun da ta zo ba ta tafa ba, ba ta kuma kalli shanun sau biyu ba.

"Teodosio, kui fa? Kana taɓa kiwonsu?"

A daidai lokacin Maximina ta iso da kwanon gasasshiyar masara. Ta tsaya cak.

"Kui?" Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Haba, Dakta. Wannan ai harkar mata ce a gindin murhu. Ni da na yi shekara biyar a kwaleji?"

"Ko kaɗan ba ka san kansu ba?"

"Ko namiji da mace ba na bambancewa. Ban taɓa riƙe ɗaya a hannuna ba, sai dai a faranti."

Maximina ta ajiye kwanon a hankali, ta share hannu a zaninta, ta ja kujerar Zoila baya taku uku daga wajen ramin. Ta ja ta mai hoton tagwaye ma. Ta wuce kujerar mijinta.

Dutsen farko ya fashe da ƙara kamar an harba bindigar farauta. Ɓarinsa ya tsaga iska ya ɗauke sabuwar malafar daga kan Teodosio. Na biyu da na uku suka biyo baya tare. Kafin ka ce kwabo ƙubbar nan ta zama filin daga, tau, tau, tau, masu digiri suna rarrafe a ƙarƙashin tebur, wanda aka ƙara wa girma ya rungume tukunyar giya yana kiran sunan mahaifiyarsa.

Shanun suna daidai tazarar a zagaye na sha biyu. Tsofaffin da ɗazu da ƙyar suke ɗaga ƙafa suka tuna ƙuruciya. Maimakon su bi bayan masara sai suka faɗo tsakar gida, Paloma a gaba. Ta ture teburin naman da aka jiƙa da ganye tun jiya, ta taka jakar sakataren aji, ta bangaji itacen da ke tokare da ƙofar kwano. Ƙofar ta yi wani ɗan tunani, sannan ta kwanta.

Sai ga su nan. Farare, jajaye, masu roɗi-roɗi, manya ƙosassu, suna malalowa ta bakin ƙofa suna bazuwa ƙarƙashin kujeru da tsakanin ƙafafu. Don Melitón ya leƙo ta kan katanga ya ga shanunsa sun nufi hanyar kogi.

"Injiniya, wannan zagayen ma a ƙirga?"

Teodosio ya ga komai na rushewa, ya manta da raɗa. Ya hau kan wani akwati ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa! Komai na hannuna!"

Kunnuwa ɗari shida suka miƙe. Daga ƙarƙashin tebura, daga bayan tukwane, daga cikin jakar wata baƙuwa, kui ɗari uku suka juyo suka sheƙo wurinsa suna fito. Suka kewaye akwatin, suka zauna, suka ɗaga kai suna kallonsa. Wani ƙaton namiji ja, wanda Teodosio ke kira Gwamna idan ba kowa a kusa, ya ɗora ƙafafun gaba a kan gogaggen takalminsa.

Dutse na ƙarshe ya fashe can a ramin, sannan wuri ya yi tsit.

Rufino ya fito daga ƙarƙashin tebur yana kakkaɓe gwiwa.

"Tsuntsayen sun fito, promo."

Zoila ta sunkuya ta ɗauki Gwamna. Ta auna shi a tafin hannu, ta shafa bayansa, ta buɗe bakinsa ta duba haƙori. Ta daɗe tana juya shi.

"Na zaga gundumomi tara ban ga irin wannan ba," ta ce. "Ka san shirin da nake shugabanta na mene ne, Teodosio?"

"Na kiwo."

"Na kui. Shafi huɗu ne kacal, sakatare ya taƙaita."

"Ni na gaya mata ta zo ta ga naka," in ji Rufino. "Duk kwarin nan an san kui ɗin gidan Canchanya, promo. Kai kaɗai ne ba ka san an sani ba."

Teodosio yana tsaye a kan akwati, babu hula, gashi a hargitse. Aikin da ya shekara shida yana mafarki ashe a mota ya zo masa har gida, shi kuma ya tare shi da shanun aro.

Zoila ba muguwa ba ce. Ta tuna bencin gaba.

"Aikin ba wuya. Mutum nake so da zai tsaya gaban manoma a dandalin gari ya ce, ni mai kiwon kui ne, ga yadda nake yi. Faɗa yanzu mu ji, gaban 'yan ajinmu. In ka faɗa, Litinin ka zo ofis."

Kowa ya zuba masa ido, na ƙafa biyu da na ƙafa huɗu. Ya kalli wanda aka ƙara wa girma, ya kalli mai haƙorin zinare.

"Ni," ya ce, "ƙwararre ne a fannin... sarrafa ƙananan dabbobin..."

"Kalma ɗaya ce, Teyo," in ji Maximina a hankali.

"...ƙananan dabbobin da ke da alaƙa ta kusa da..."

Kui-kui-kui, in ji masu alaƙar.

Zoila ta jira. Ta ƙara jira. Sannan ta juya.

"Doña Maximina, ke fa?"

"Ni mai kiwon kui ce. Layi na uku a kasuwar Lahadi, kusa da mai cuku. Wannan da ke hannunki watansa huɗu, uwarsa huɗu take haifa ba ta zubarwa. Iri kuwa maigidana ne ya fitar da shi, ba zan ci haƙƙinsa ba."

"Litinin, ƙarfe takwas," in ji Zoila.

Mai hoton tagwaye ce ta tambaya ko akwai abin da ya tsira na ci, domin karen Don Melitón ya riga ya fara ta'aziyyar naman da ke ƙasa.

Maximina ta ce a biyo ta. A bayan gida akwai tudun ƙasa yana fitar da tururi, an soka masa ƙaramin gicciye da furanni kamar yadda aka saba. Ta miƙa wa Zoila shebur, domin babban baƙo ke cire gicciye ya ɗebi ƙasar farko. Aka yaye buhuna, aka yaye ganye, ƙamshi ya bugi kowa. Ƙarƙashin baƙaƙen duwatsun nan arba'in ga dankali, ga wake a kwansonsa, ga dafaffen ƙullin masara, ga kui ashirin da ba sa cikin lissafin mijinta sun yi jawur. Aka ci har aka kwance bel. Don Melitón ya dawo daga kogi da shanu shida, ya karɓi kui biyu a madadin cinyar rago, ya ce Paloma ta san hanyar gida.

Teodosio bai ci da yawa ba. Da baƙi suka koma wajen mota, shi ya tsaya a tsakar gida ya kira garken da 'yar muryar da yake kiransu da safe, suka bi shi ɗaki a jere. Rufino, da ya dawo ɗaukar hularsa, ya gani. Wannan karon bai ce komai ba.

Tun daga Litinin ɗin Maximina ke fita da jaka ƙarfe bakwai, maƙwabta suna ce mata a dawo lafiya. Shi ke goge mata takalmi, kuma babu mai goge takalmi kamarsa a kwarin nan.

Da shekara ta zagayo, sakataren aji ya aiko a kawo labari. Teodosio ya zauna ya rubuta: "Gidanmu ne ke riƙe da reshen kwarin Mantaro. Ni ke kula da sashen samar da iri, inda nake da dabbobi ɗari huɗu da goma a ƙarƙashina." Maximina ta karanta a tsaye, ta zaro biro daga jakar ofis, ta soke kalma ɗaya ta rubuta wata a samanta, ta tafi aiki.

Ya daɗe yana kallon takardar. Yana da abin goge rubutu a aljihun tebur, ya ma ɗauko shi. Sai ya mayar, ya ninke takardar, ya kai gidan waya da kansa.

Kalma ɗaya dai ya ƙara a hanya, a jingine da kantar gidan wayar. Da takardar ajin ta fito, a shafi na uku an buga: "manyan kui ɗari huɗu da goma."